Tambaya da Amsa: Tsohuwar Honda da Injin Roba-Roba

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana babur ƙirar Honda C70 wanda ya shekara 11 jingine a zaure, har injin ya cije, kik ba ya motsi. Kwanan baya na sayi wani roba-roba mai inji 110 da ya yi hatsari, firam ɗinsa ya lanƙwashe amma injin yana tashi lafiya. Wani bakanike ya ce a cire fistin da kan injin roba-robar a ɗora a kan na Baba. Shin hakan zai yiwu? Daga mai karatu a Gangare, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Malam, shawarata ita ce kada ka bari a yi wa injin nan haɗin gambiza. A sauke tsohon gaba ɗaya, a ɗora na roba-robar yadda yake.

Bakaniken naka bai yi magana a banza ba, domin injinan kwance da kamfanonin Sin suke sa wa roba-roba daga Super Cub ta Honda, wadda ta fara fitowa a 1958, aka kwaikwayo su, shi ya sa a ido suke kama da 'yan gida ɗaya. Sai dai cikinsu ya bambanta. Faɗin fistin C70 milimita 47 ne, tafiyarsa sama da ƙasa milimita 41.4, alhali na inji 110 faɗinsa 52.4 ne, tafiyarsa kuma 49.5. Wanda ya nace sai ya haɗa su, ƙarshenta zai kai ga gogewa da ƙwaƙule bakin inji, kuma ko babur ɗin ya tashi, ba za a daɗe ba zai fara hayaƙi da shan baƙin mai. Amma wurin ɗaure inji a firam, wato dogayen ƙusoshi biyu na sama da na baya, galibi yana dacewa ba tare da walda ba. A gwada ɗora shi tukuna kafin a kashe ko sisi, a duba ko sitata tana gogar robar kare ƙafa, a kuma duba ramukan ƙarfen taka ƙafa da bakin salansa.

Inda mutane suka fi shan wahala shi ne wuta. Tsofaffin C70 da yawa bolt 6 suke aiki da shi, roba-roba kuwa bolt 12 ne mai akwatin CDI, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa fulogi. Saboda haka injin ya taho da kayansa duka: wayoyi, kwayil, CDI, caja, batir da ƙwayayen fitila. Kafin a tsinke ko waya ɗaya, ka ɗauki hotonta da wayarka ka naɗa mata tef mai alama, domin launin wayoyin babura biyun ba lallai ne ya zo ɗaya ba. Na sha ganin an haɗa su da ka, fitila ta yi haske sau ɗaya ta ƙone.

Sarƙa da siroket na gaba da na baya su zama lamba ɗaya, ko 420 ko 428, kuma sababbi. Takalmin birki, wayar birki da tayoyi ma a saya sababbi a kasuwar kayan gyara ta Dilimi da ke Jos. Tayar da ta shekara 11 a zaure ta tsattsage ko da zanenta bai cinye ba. Daga gaban babur ɗin da ya yi hatsari kuwa kada ka ɗauki komai.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarta ba ta kai ta Legas kauri ba, don haka idan fulogi ya fito baƙi ƙirin bayan gwaji, fetur ya yi wa iska yawa, sai a daidaita kafireto.

Saura takardu. Lambar injin da ke takardun Baba za ta saɓa da wadda ke jikin babur, kuma a shingen bincike ba a sauraron dogon bayani. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji da sa hannun shaidu daga wanda ya sayar maka, sannan ka je ofishin lasisi a gyara bayanin. Tsohon injin kuma kada ka ba 'yan gwangwan; ka cire fulogi ka ɗura masa kalanzir da baƙin mai, ka bar shi mako biyu kafin ka sake gwada juya shi.