Ƙurar dawakan da ta ɓace a renda

Ƙanena na ga saƙonka tun jiya, wai ka haɗa ƙurar dawakai ta hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Gombe cikin Blender, manhajar zanen 3D, a allo kana ganinta tana tashi gwanin kyau amma da ka danna renda, wato fitar da hoton ƙarshe, sai dawakai kawai, ƙura ta ce ɗauke ni inda ka ajiye ni. Kwantar da hankalinka, laftof ɗinka lafiyarta lau.

Matsalar ita ce waɗancan fararen ɗige-ɗigen da kake gani ba komai ba ne, alama ce kawai ta inda kowace ƙwayar ƙura (particle) take. Setin da ke zuwa da su sunansa Halo, na tsohon injin renda ne wanda aka cire tun fitowar Blender 2.80 a 2019, shi ya sa injinan renda na Cycles da Eevee duk ba sa ganinsa. Dole ka ba ƙwayoyin jiki. Ka ƙirƙiri ƙaramar ƙwallo, ka koma wajen Render As ka sauya Halo zuwa Object, ka zaɓe ta, ita kuma uwar ƙwallon ka jefa ta can bayan kyamara.

Amma a nan yara ke kashe kansu. Sai ka ga mutum ya ɗauko ƙwallon UV Sphere mai fuska 512 don ƙwayar ƙurar da ba ta kai kan allura ba a hoto, haba! Ɗauki Ico Sphere ka rage ta zuwa fuska 20, wallahi babu mai gane bambanci. Kuma kar su zo girma ɗaya kamar ƙwan kanti, ka ɗaga Scale Randomness, ka leƙa titi lokacin hunturu ka ga yadda ƙura take, wata ta yi sama wata ta faɗo nan take. Ƙwaya 1000 da rayuwar firem 50 (firem shi ne hoto ɗaya a bidiyo) da Blender yake ba ka da farko ba za su ishe ka ba, ƙara, amma a allo ka rage adadin da ake nunawa don kar na'urar ta riƙa shaƙewa. Ka kunna Motion Blur ma, wato dishi-dishin motsi, in ba haka ba za su fito kamar an watsa gero.

Kafin renda ka yi Bake, lissafin motsin ya zauna wuri ɗaya, kar firem na 80 ya saɓa da na 81.

Sannan don Allah kar ka fitar da shi bidiyo kai tsaye. Ni na taɓa barin aiki tun isha'i, wajen asuba aka ɗauke wuta batir ya mutu, fayil ɗin ya ƙi buɗewa, sai da na faro daga farko ina huci. Fitar da shi hotuna PNG ɗaya-ɗaya, in ya tsaya a 140 ka ɗora daga 141.

Gwada firem goma kacal tukuna, ka kawo min shago gobe bayan la'asar mu duba tare.