Kajina suna cinye ƙwansu, me zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kaji 12 masu ƙwai a bayan gidanmu a Agege, ina ba su dusa da tsaki da sauran tuwo. Kwanan nan ɓawo kawai nake tararwa a akurki da danshin gwaiduwa. Maƙwabciyata ta ce in ɗura barkono a cikin ƙwai in ajiye musu. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kaza ba ta fara wannan ɗabi'a haka kawai. Yawanci ƙwai ne yake fashewa a akurki, ta sa baki ta ji daɗin gwaiduwa, daga nan ta koyi fasa lafiyayye da kanta, sauran kuma su gani su kwaikwaya. Saboda haka abin da ya kamata mu bincika shi ne dalilin fashewar ƙwan tun farko.

Ina kyautata zaton matsalar tana cikin abincin. Da sinadarin kalsiyam jikin kaza yake gina ɓawon ƙwai, ƙwai ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 2, kazar da take yin ƙwai kullum kuwa tana bukatar wajen giram 4 a rana. Dusa da tsaki da tuwo suna cika ciki, amma kalsiyam ɗin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ɓawon yake fitowa ba ƙwari, da ta taka shi sai ya fashe. Ki nemi abincin leya, wato na kaji masu ƙwai, wajen masu sayar da abincin kaji a Oko-Oba, wanda kalsiyam ɗinsa ya kai kashi 3.5 zuwa 4 cikin 100, furotin kuma 16 zuwa 18, sannan ki zuba niƙaƙƙen ɓawon kawa (oyster shell, ɓawon wata halittar ruwa mai yawan kalsiyam) a wani kwano dabam, mai bukata ta ci. Idan ɓawon ƙwan gida za ki ba su, ki gasa shi ki daka ya yi laushi yadda ba za su gane shi ba.

Zafin Legas ma yana da hannu, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu a akurki mai rufin kwano. Kaza ba ta gumi, haki take yi, yawan hakin nan kuma yana rage sinadarin da jikinta yake gina ɓawo da shi. Inuwa da iska da ruwa mai sanyi da ba ya yankewa suna rage wannan.

Sai wurin saka ƙwai. Ki tanadi gurbi ɗaya ga kowace kaza 4 ko 5, ki shimfiɗa dusar katako mai kauri, ki rataya buhu a bakinsa ya yi duhu, domin kaza ba ta cika saran abin da ba ta gani sosai ba. Yawancinsu kafin azahar suke gama saka ƙwai, don haka ki riƙa kwashewa da hantsi, ki sake dubawa bayan azahar. Wanda ya fashe a share shi nan take har da jiƙaƙƙiyar shimfiɗar. Ƙwan roba ko na katako a gurbi yana taimakawa, don idan ta sara ta sara ba ta samu komai ba, takan haƙura.

Maganar barkono kuwa, ki bar shi a miya, domin tsuntsaye ba sa jin yajinsa yadda muke ji. Ƙona bakin kaza da wuƙa mai zafi ma ban ba da shawararsa ba, azaba ce da kan hana ta cin abinci.

Kafin ki yanke wa kowace hukunci, ki tabbatar ba gafiya ko ɓera ba ne, tunda gidajen da ke bakin kwata ba sa rabuwa da su. Ki duba bakunan kajin da hantsi, mai laifin za ki ga gwaiduwa ta bushe a bakinta da gashin wuyanta. Ki ware ta na mako biyu bayan kin gyara abincin, idan ta dawo ta ci gaba, yanka ta ya fi, kafin sauran 11 su koya.