Na Yi Ritaya, Zaure Ya Ishe Ni

TAMBAYA: Shekara 34 na yi ina koyar da lissafi a makarantun gwamnati, bara na yi ritaya ina da shekara 60. Ni ɗan Katolika ne, a Garwa nake zaune. Fansho yana shigowa, ba na kukan abinci. Amma da na dawo daga Misar safe sai in shimfiɗa tabarma a zaure ina ƙirga babura har rana ta faɗi. Uwargida ta ce na fara tsare mata hanya a gida. Na ji mai iyali ma yana iya hidima tare da su Fada na ƙungiyar Oblat. Tsoho mai jikoki 7, ba za a yi mini dariya ba?

Tsohon malami, Garwa

AMSA: Baba, barka da hutawa, ko da yake na ga hutun ne ya fi aikin gajiyar da kai.

Abin da ka ji gaskiya ne. Oblat, waɗanda Eugène de Mazenod ya kafa a Faransa a 1816, suna da abokan hidima masu aure da iyali. Ba ka ɗaukar wa'adin da su Fada ke ɗauka, ba ka barin gidanka. Addu'a da aiki cikin talakawa ne za su haɗa ku. Kuma ba baƙi ba ne a nan. Sun iso arewacin Kamaru a 1946 ƙarƙashin Fada Yves Plumey, wanda daga baya ya zama bishop na Garwa, sunan wanda ya kafa su ne ma aka sa wa Kwalejin Mazenod ta Ngaundere.

Batun tsufa kuwa, Baba Simon, wani Fada ɗan Kamaru, ya haura hamsin lokacin da ya bar Duwala a 1959 ya hau arewa, ya zauna a Tokombere yana yawo cikin duwatsu ba takalmi. Ban ce ka cire naka ba.

Dariya ba ita nake ji maka tsoro ba, Baba. Kawuna ne ya faɗo mini a rai. Shi ma shugaban makaranta ne da ya yi ritaya, ya shiga hidimar coci da babbar rigarsa da jan bironsa. Cikin wata biyu ya gyara wa katikis, wato mai koyar da addini, magana a gaban yara, ya nemi a kawo masa littafin kuɗi ya duba. Mutane suka fara kauce masa, ya dawo gida yana cewa ba a san darajarsa ba. Shekara talatin ana miƙe maka in ka shiga aji, a can kuwa wataƙila yarinyar da ka koya wa jadawalin sau ce za ta nuna maka inda za ka jera benci.

Saboda haka kada ka je neman muƙami. Ka sami Fada bayan Misa, ka ce kana da yamma biyu a mako, kuma lissafi ka iya. Yaran da ke shirin BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, iyayensu ba su da kuɗin malamin gida suna nan birjik a kowace unguwa, Kirista da Musulmi. Fara da su, wata uku, ka ga yadda jikinka zai ɗauka, musamman in zafin Maris da Afrilu ya kama Garwa.

Kafin nan dai ka zauna da Mama ku shawarta. Ta ce ka tsare mata hanya, amma ba ta ce ka ɓace mata daga safe har dare ba.