Amsa: Me ya sa injiniyoyi ba sa faɗin ranar da tsagar jikin jirgin sama za ta zama haɗari?

Malam, tambayarka ita ce tunda akwai lissafi me ya hana a yanke rana ɗaya kawai. To ai tsaga ba kwana take ƙirgawa ba, tashi da sauka take bi. Duk tashin da jirgi zai yi daga Abuja zuwa Legas ana cika cikinsa da iska, jikin ya ɗan kumbura, in ya sauka ya koma, a haka tsagar ke tsawo kaɗan kaɗan, galibi daga ramin ƙusa. Kuma jirage biyu ƙirar kamfani ɗaya ba za su tsage daidai ba, ƙarfen ya bambanta, lodi ya bambanta, ga tsatsa.

Shi ya sa ake ba kwamfuta ta gwada dubban yanayi, ana canja girman tsagar farko da nauyin da jirgi ke sha, sannan a sa tazarar dubawa yadda ko mai duba ya tsallake ta yau, za a kama ta a zagaye na gaba kafin ta kai matakin haɗari. Don na'urar duba tsagar ma ba kullum take gani ba fa, ƙaramar tsaga tana wuce ta. Misali, jirgin kamfanin Aloha a 1988, Boeing 737, rufinsa ya yaye a sama bayan ya yi tashi da sauka kusan sau 90,000, tsagogi ne ƙanana suka haɗe a layin ƙusoshi.