Taransifoma Ta Ƙone: Wa Zai Saya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Taransifomar layinmu ta ƙone wata biyu ke nan. An ce kowane gida ya kawo dubu goma a sayo sabuwa, ga bil kuma yana ta zuwa kamar muna shan wuta. Ƙanƙara nake sayarwa, yanzu firizata ta koma ma'ajiyar kwanuka. Ya zan yi? Daga wata uwar gida a Kurna.

Amsa: Hajiya, Allah ya kawo sauƙi. Wannan karo-karon yana ci min rai, domin a ƙa'idar NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, sayen taransifoma, turke da waya nauyin kamfanin rarraba wuta ne, ba na mai biyan bil ba. Mutanenmu sun saba haɗa kuɗi ne don duhu ya ishe su.

Ki rubuta ƙorafi a takarda, ki sa lambar asusunki da ke jikin bil da ranar da wutar ta ɗauke. Ki kai sashen ƙorafin kwastomomi na kamfanin, a buga miki hatimi a kan kwafinki. Kada ki yarda da maganar baki, "za mu duba" ba ta zama shaida. Suna da kwanakin aiki 15. In suka yi shiru, ki ɗauki kwafin nan zuwa ofishin sauraren ƙorafi na NERC da ke nan Kano, kyauta ne. A takardar ki ƙalubalanci bil ɗin watannin duhun, ki kuma nemi mita.

In maƙwabta suka sa hannu tare da ke, har da mai unguwa, takardar ta fi nauyi.