Amsa kan baƙuwar da ke firgita cikin dare

Assalamu alaikum. Hajiya, kin ce matar ƙaninki ta gudo da 'ya'yanta bayan harin 'yan bindiga a yankin Birnin Gwari, yau wata huɗu ke nan ba ta barci, tana zabura da ihu da zarar ta ji ƙarar babur, kuma kina tambaya ko aljanu ne ko a kai ta asibiti. Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da alheri.

A 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Gwoza, kawuna ya zo ya zauna da mu a Tudun Wada, kuma mun yi kuskure biyu da ba na so ki maimaita. Duk wanda ya zo jaje sai ya nemi a ba shi labari daga farko, mu kuma muka bari, ba mu san muna fama masa ciwo ba ne. Sannan muka riƙa sayo masa baliyam, wata ƙwayar sa barci, a kemis, yana yin barci kam, amma mafarkin bai daina ba, har ya kai ba ya iya runtsawa sai da ƙwayar.

Sai da muka kai shi sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda likita ya bayyana mana cewa wanda ya ga kisa da idonsa, ƙwaƙwalwarsa kan ci gaba da zama cikin shirin gudu ko bayan hatsarin ya wuce, kuma idan alamun suka haura wata guda, ciwo ne sananne mai magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan rikici na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Jigon maganin shi ne zama da ƙwararre, majinyaci yana warware abin da ya faru daki-daki, gwargwadon abin da zai iya ɗauka. An haɗa wa kawu da maganin ciwon damuwa, wanda sai ya yi makonni kafin a ga amfaninsa, don haka kada a gaji a ajiye shi.

Ba mu daina addu'a da ruƙya ba, likitan ma bai hana ba, amma ban yarda da duka ko ɗauri da sunan cire aljanu ba. Idan matar ƙanin naki ta fara ƙin abinci ko maganar kashe kanta, kada a kwana, a kai ta Shika ko asibitin masu taɓin hankali na Barnawa a Kaduna. Ki lura da yaran ma, domin nasu kan fito ta fitsarin kwance da rashin magana.

Kawu ya fara dawowa daidai ne da ya sami ɗan teburin sayar da goro a Sabon Gari, ko da yake har yau ba ya shiga cikin birni ranar hawan Sallah saboda ƙarar bindigar toka.