Me ya sa masu sassaucin ra'ayi ke tsoron 'yan siyasar da ke zagin masana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makarantar sakandare ne, kuma ba na wasa da sauraron labaran duniya a rediyo. Na lura duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a Amurka ko Turai, sai masu sassaucin ra'ayi su yi ta kukan cewa 'yan ra'ayin riƙau irin su Donald Trump suna raina ilimi, suna zuga talakawa su tsani masana. To ba dimokuraɗiyya ake yi ba? Idan talaka ya zaɓi wanda ke magana da harshen da yake ganewa, ina laifi? Ko dai girman kai ne kawai na 'yan boko da ba sa son a taɓa musu kujera?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Girman kan akwai shi, kuma ba zan ɓoye maka shi ba. Sai dai a ƙarƙashinsa akwai wani tsoro na gaskiya, wanda su kansu masu sassaucin ra'ayin ba su cika iya bayyana shi da kyau ba, domin sun fi ɓata lokaci wajen yi wa abokan hamayyarsu dariya.

Rigimar ta girmi Trump nesa ba kusa ba. Tun a zaɓen 1828 aka gwabza tsakanin John Quincy Adams, wanda ya taɓa koyarwa a Jami'ar Harvard, da Andrew Jackson, soja ɗan karkara mai ƙarancin karatu. Jackson ne ya ci. A 1952 aka laƙaba wa Adlai Stevenson, ɗan takarar Dimokurat, sunan "kan ƙwai" saboda sanƙonsa da kuma jawabansa masu zurfi, ya sha kaye a hannun Janar Eisenhower, ya sake sha a 1956. Wannan zamanin, haɗe da farautar da Sanata Joseph McCarthy ya yi wa malaman jami'a da ma'aikatan gwamnati bisa zargin gurguzu, shi ya sa masanin tarihi Richard Hofstadter ya wallafa littafinsa a kan ƙyamar masana a rayuwar Amurka a 1963. Akwai ma wata shahararriyar magana ta William Buckley, jigo a cikin marubutan ra'ayin riƙau, cewa gara mutum dubu biyu na farko a kundin lambobin wayar birnin Boston su mulke shi, da malaman Harvard su mulke shi. Shi Buckley ɗin nan kuwa a Jami'ar Yale ya yi karatu. Riƙe wannan, za mu sake cin karo da irinsa.

A zamaninmu, wadda ta sake hura wutar ita ce Sarah Palin, gwamnar Alaska, da John McCain ya ɗauka mataimakiya a takarar 2008. An tambaye ta a talabijin waɗanne jaridu take karantawa, ta kasa ambaton ko ɗaya, ta ce dukkansu. Aka yi ta mata dariya har makonni. Ni a ganina wannan ba shi ne abin dubawa ba, kowa na iya daburcewa gaban kyamara. Wanda ya fi nuna yadda salon yake aiki shi ne jawabin da ta yi a watan Oktoban wannan shekarar, inda ta yi shaguɓe cewa ana kashe kuɗin harajin jama'a wajen binciken ƙudan 'ya'yan itace a Faransa. Mai sauraro zai ce lallai an raina wa talaka hankali, ƙuda kuma? Abin da ba a faɗa ba shi ne ƙudan nan yana lalata gonakin zaitun a jihar Kalifoniya, wato manomi ne zai ci moriyar binciken. Haka ake yi: a ɗauko aikin masani, a yanke masa kai da ƙafa, a ɗaga gangar jikin sama a ce wa jama'a ku ga abin da ake yi da kuɗinku.

Daga nan abin ya zama ruwan dare. Trump ya ci zaɓen fitar da gwani a jihar Nevada a Fabrairun 2016, ya ce yana ƙaunar masu ƙarancin ilimi. A watan Yunin wannan shekarar, ana gab da ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, minista Michael Gove ya ce mutanen ƙasar sun gaji da masana. A 2021 JD Vance, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Amurka, ya yi jawabi ya kira jami'o'i abokan gaba. Gove ɗan Oxford ne. Vance a Yale ya karanta lauya. Haka ma wasu 'yan siyasar riƙau na Amurka: Ted Cruz ya bi ta jami'o'in Princeton da Harvard, Ron DeSantis ya bi ta Yale da Harvard. Ka ga ke nan, Malam, ba jahilai ne ke yaƙi da masu ilimi ba. 'Yan boko ne ke yaƙar 'yan boko, ɓangare guda ya gane cewa fushin talaka jari ne.

Fushin kuwa ba daga sama ya faɗo ba, kuma a nan ne tambayarka take da ƙarfi. Masana ne, da digirorinsu da bayanan sirrinsu, suka tabbatar wa duniya cewa Iraƙi na da makaman ƙare dangi a 2003. Ba a samu ba, kuma 'ya'yan talakawa ne suka je suka mutu. Masana tattalin arziki ne suka yi ta yabon tsarin bankuna har ya rushe a 2008, abin da ya sa Sarauniya Elizabeth, da ta ziyarci Makarantar Tattalin Arziki ta Landan a watan Nuwamban shekarar, ta tambaye su yadda aka yi babu wanda ya hango. Tsakanin 2000 da 2010 Amurka ta yi asarar ayyukan masana'antu sama da miliyan 5, alhali an yi wa ma'aikata alkawarin cewa cinikayya da Sin alheri ce ga kowa. Mutumin da masana'antar garinsu ta rufe, ya je ya kunna talabijin ya ji Hillary Clinton a 2016 tana cewa rabin magoya bayan Trump kwandon abin ƙyama ne, me kake tsammanin zai yi ranar zaɓe? Kafin ita ma, Barack Obama ya taɓa cewa mutanen ƙananan garuruwa takaici ne ke sa su rungumar bindiga da addini. Wanda ka raina wa addini ba zai tsaya ya saurari lissafinka ba, komai daidaituwarsa.

Mu ma mun san irin wannan a gida. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, masana lafiya na da gaskiya cewa maganin ba ya hana haihuwa, kuma dakatarwar ta sa cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Amma mutanen da suka ƙi ba su manta da gwajin wani sabon magani mai suna Trovan da aka yi wa yara a Kano a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Akwai kuma wani kuskure da masana ke yawan yi, na tsallake iyakarsu. Likita zai iya gaya maka rufe makarantu zai rage yaɗuwar cuta da kaza. Amma ko ragin ya kai a hana yara karatu shekara guda, wannan hukunci ne na al'umma da waɗanda ta zaɓa, domin awo ne tsakanin asara biyu. A lokacin korona an sha cakuɗa biyun, aka riƙa nuna duk wanda ya yi jayayya da hukuncin kamar ya ƙaryata kimiyya ne.

To ina tsoron gaskiyar yake? Bari in kai ka kasuwar hatsi. Mai saye da mai sayarwa su yi ta ciniki, wannan ya ce albarka, wancan ya ƙara, har su yi zage-zage, duk ba komai, muddin mudun da ake awo da shi ɗaya ne kuma kowa ya yarda da shi. Ranar da wani mai ƙarfi ya zo ya ce mudun nan maƙiyinsa ne, ya buge shi ya lotsa, ya kori mai awo ya sa yaronsa, ciniki ya ƙare, saura ƙwace. A ƙasa ta zamani, mudun shi ne ofishin ƙididdiga, da hukumar hasashen yanayi, da kwamitin da ke tantance magunguna, da jami'ar da ke bincike ba tare da neman izinin fadar shugaban ƙasa ba. Ɗan siyasa ya zagi farfesa a kan dandamalin kamfe, wannan siyasa ce, farfesan ma yana da baki. Abin da ke hana masu sassaucin ra'ayi barci shi ne abin da ke biyo baya in an hau mulki.

A Satumban 2019 Trump ya ce guguwar Dorian za ta afka wa jihar Alabama. Ofishin hasashen yanayi na birnin Birmingham ya fito ya ce a'a, don kada jama'a su firgita. Bayan 'yan kwanaki sai ga shugaban ƙasa da taswirar hukuma an ja mata layi da baƙin alƙalami ya shigo da Alabama, sannan hukumar da ke sama da ofishin ta fitar da sanarwa marar sa hannu tana kushe ma'aikatanta. Abin kamar wasan yara, amma ka tuna da hasashen nan ne mutane ke yanke shawarar ko su kwashe iyali su gudu. A watan Yunin 2025 sakataren lafiya Robert Kennedy ƙarami ya sallami dukkan mambobi 17 na kwamitin da ke ba da shawara a kan alluran rigakafi. Ranar 1 ga Agustan 2025, da rahoton ayyukan yi ya fito da alƙaluma marasa daɗi, Trump ya kori shugabar hukumar ƙididdigar ƙwadago, Erika McEntarfer, a ranar, yana zargin an murɗe lissafin. A Hungary kuma gwamnatin Viktor Orban ta yi doka a 2017 wadda ta tilasta wa Jami'ar Tsakiyar Turai, da attajiri George Soros ya kafa a 1991, ta kwashe yawancin karatunta daga Budapest zuwa Vienna.

Kada ka ɗauka ciwon na 'yan riƙau ne su kaɗai, ko da yake masu sassaucin ra'ayi sun fi son a ɗauka haka. Gwamnatin Kirchner a Ajantina ta 'yan hagu ce, amma daga 2007 ta sa hannu a hukumar ƙididdiga aka riƙa rage alƙaluman hauhawar farashi, har aka ci tarar masana masu zaman kansu da suka fitar da nasu lissafin, Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya tsawatar wa ƙasar a 2013. Thabo Mbeki, tsohon shugaban ƙasar Afirka ta Kudu, kuwa, mutum ne mai karatu kamar me, amma shakkun da ya yi a kan cutar ƙanjamau ya jinkirta raba magani, masu bincike na Harvard suka ƙiyasta rayukan da aka rasa sun haura 330,000.

Game da tambayarka ta ko talaka ya yi laifi da ya zaɓi mai magana da harshensa: bai yi ba, haƙƙinsa ne. Sai dai shi ne ya fi kowa buƙatar mudun nan. Attajiri na iya ɗaukar nasa masanin ya gaya masa gaskiyar farashi da ingancin magani a asirce. Mai albashi da ɗan fansho ba su da kowa sai wannan ma'aikacin ƙididdigar da aka ce musu maƙiyinsu ne.

Dubi Brazil. A 2019 cibiyar binciken sararin samaniya ta ƙasar ta fitar da hotunan tauraron ɗan Adam da ke nuna saran dajin Amazon ya ƙaru sosai. Shugaba Jair Bolsonaro ya ce ƙarya ce, ya zargi shugaban cibiyar, masanin fiziya Ricardo Galvão, da yi wa ƙungiyoyin waje aiki. Galvão ya mayar da martani a bainar jama'a, ya kare ma'aikatansa, aka sauke shi a watan Agusta. Da cikakken lissafin shekara ya fito a watan Nuwamba, daga cibiyar da a lokacin take hannun wanda gwamnati ta naɗa, sai ya nuna an share kusan murabba'in kilomita 10,000 na dajin a cikin wata goma sha biyu, mafi yawa tun 2008.